Telan da Ba Ya Awo

A layin da shagonsa yake, da wuya ka samu wanda ya san ainihin sunansa. Ba-Awo kowa ke ce masa, shi ma ya daɗe da daina musu. Telan kayan maza ne, shat da wando da kwat. In ka shigo da yadinka zai ɗago kai daga kan keke, ya dube ka daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce ka juya, ya ce ka ɗaga hannu, sai ya faɗa maka ranar da za ka dawo. Tef ɗin awo yana nan rataye a ƙusa, amma sai baƙo ya nace ake sauko da shi, shi ma don a kwantar wa baƙon hankali ne kawai. Kaya kuwa in ka saka sai ka ce a jikinka aka ɗinka su.

'Ya'ya biyu Allah ya ba shi, namiji da mace. Namijin ya rasu. Macen tana raye, amma saura kaɗan ita ma ya rasa ta, kuma da bakinsa.

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, mutumin da ba ya maimaita magana. Kawun kan zaunar da shi a bakin shago, ya nuna masa wani mai wucewa, ya ce ya yanka wa mutumin nan riga a tsohuwar jarida. In ya yi kuskure ba a dukansa, sai dai a miƙo masa wata jaridar. Haka ya taso har idonsa ya ƙware. Da kawun ya tsufa ya bar masa keken, sai ya kama wani siririn ɗaki tsakanin shagon aski da na mai sayar da yadi, kuma a nan ya yi furfura. Ciki akwai teburin yanka, da benci ɗaya na masu jira, da madubi mai tsaga a gefe, da fankar da ke kaɗa kai kamar tana musun duk abin da aka faɗa.

Shi ma bai fito mai magana ba. Bai taɓa zaunar da 'ya'yansa ya tambaye su abin da ke damunsu ba. Ɗinki yake yi musu. In an ci jarrabawa, sabuwar riga. In ya yi wa ɗayansu faɗan da ya san ya wuce gona da iri, ba zai ba da haƙuri ba, sai dai a wayi gari a ga sabon wando a ninke a kan gado. Matarsa, wadda shi da yaran duk suke kira Mama, takan ce ko gobara aka yi a gidan, baban nasu riga zai fara ɗinka wa wutar kafin ya nemi ruwa.

Babban, Dogo, malamin lissafi ne a wata sakandare can ɗaya ɓangaren garin, inda ya kama ɗaki kusa da makarantar. Ƙaramar, Auta, ba ta daɗe da gama jami'a ba, tana gida tana neman aiki. In aka tambayi Ba-Awo abin da ta karanta sai ya ce wani abu ne dai na kimiyya, mai wuya. Duk Asabar Dogo yakan zo shagon, ya miƙe dogayen ƙafafunsa a benci har masu shigowa sai sun tsallaka, Auta ta kawo musu abinci ta zauna a bakin ƙofa. Nan za a yi ta tsiya. Dogo ya ce fankar nan ta girme shi, ya kamata ya riƙa gaishe ta. Uban ya ce malamin da bai iya zura zare a allura ba, ina ya ga bakin magana. Mai aski ya leƙo ya tambayi yaushe za a kawo musu suruka, Dogo ya ce sai ranar da mai askin ya koyi aski. Ba-Awo ba ya dariya da ƙarfi, kafaɗunsa ne kawai ke rawa. Duk mako wannan ranar yake jira, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Lokaci-lokaci yakan ɗinka wa Dogo riga, ya miƙa masa a leda ba tare da ya dube shi ba. Ba ya buƙatar dubawa. Jikin da ya yi wa ɗinki tun yana rarrafe, ai a kansa yake. Asabar mai zuwa Dogo zai shigo sanye da ita, ta zauna masa ɗas, uban ya kalli kafaɗa ya gyaɗa kai ya ci gaba da taka keke.

Mama ce ta fara cewa yaron nan ya rame. Dogo ya ce aikin duba takardun jarrabawa ne. Da ta sake faɗa ya ce motsa jiki ya fara. Da ya aske kansa tas ya ce zafi ne, mai aski har ya yi fushi an kai masa ciniki wani wuri. Wata rana bayan ya tafi, Mama ta tsare mijinta a tsakar gida ta ce ita fa hankalinta bai kwanta ba, kumatun yaron sun faɗa, wuyansa ya yi tsawo.

"Bai rame ba," in ji Ba-Awo. "Dubi rigar da ke jikinsa. Yadda na saba yanka masa na yanka. Da ya rame ai da ta yi masa yawa."

Mama ta koma ga aikinta. A gidan nan ba a ja da shi a kan abin da ya shafi riga. Duk sanda ta sake tada maganar, amsar ke nan, har ta gaji ta daina.

A cikin aji Dogo ya faɗi, yana tsaye a gaban allo. Kafin iyayen su isa asibiti Auta ta riga su, kuma Ba-Awo ya lura ma'aikatan wurin suna kiranta da suna, ta san inda ake karɓar kati, ta san ƙofar da ba a rufewa. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta zaunar da su ta yi musu bayani kamar waɗanda suka san rabin labarin. Ciwon daji ne a hanji. An daɗe ana fama, an yi abin da za a iya yi. Da ta ga yadda suke kallonta sai ta juya ta kalli Auta. Dogo bai farfaɗo sosai ba. Ya kwana biyu a gadon, ya cika.

A barandar asibitin Ba-Awo ya tsaya a gaban 'yarsa. Ta fara cewa Yaya ne ya sa ta yi alkawari, ya ɗaga mata hannu.

"Kina zaune a bakin ƙofa kina kallona ina wasa da shi, kin san mutuwa yake yi. Ba ni da sauran abin da zan ce miki."

Mutane kan faɗi irin wannan cikin zafin rashi, daga baya su manta. Shi bai manta ba. Masu ta'aziyya suka zo suka watse, ya koma shago, amma bai sake ce wa Auta uffan ba. In ta gaishe shi sai ya kalli bango. In ta ajiye masa shayi sai ya huce a inda ta ajiye. Bai zage ta ba, bai kore ta ba. Ita ce da kanta ta haɗa kayanta ta koma wurin Goggo, yayarsa, wadda ke zaune a bayan tashar mota. Bayan wani lokaci Mama ta gaya masa Auta ta samu aiki a wani gari mai nisa, ƙarshen wata za ta tafi, kuma ta ce ba ta ga abin da zai dawo da ita ba. Ta ce in ya bari yarinyar nan ta shiga mota a haka, to ya sani 'ya'ya biyu ya binne. Ya ji ta sarai. Ya sa takalminsa ya fita.

A ransa yana da gaskiya. Abin da yake ta juyawa a kai yana taka keke shi ne, da an gaya masa, da ya rufe shagon, da ya kai yaron duk inda ake kai mutane, ko ba komai da ya zauna kusa da shi. An hana shi wannan, kuma ya san wadda ta hana shi.

Ana cikin haka mai gidan da Dogo ke haya ya aiko a kwashe kaya. Mama ta ce ba za ta iya ganin tufafin ba, a bayar da su. Ba-Awo ya ce kayan da suka fita daga hannunsa ba za su je jikin wani ba sai ya duba maɓalli ya yi musu guga. Ya kwaso tufafin a jaka ya kai shago da safe, ya zazzage a teburin yanka. Ya ɗauki riga ta farko ya juya cikinta waje, yadda yake yi wa kowace riga kafin guga.

Ɗinkinsa yana nan a gefe, ya san abinsa. Amma daga ciki akwai wani layin ɗinkin, da zare siriri wanda shi ba ya amfani da shi. An rage rigar. Ba a yanke yadin ba, an ninke shi ne ciki, an kwantar da shi da guga har ba ya tashi. Ya ɗauki ta biyu, haka. Ya san ranar da ya ɗinka kowace ɗaya, don haka ya jera su a teburin daga tsohuwa zuwa sabuwa. A tsofaffin ninkin bai wuce faɗin yatsa ba. Wasu layi biyu ne a jikinsu, wasu uku, an rage, an dawo an ƙara ragewa. Ta ƙarshe, shuɗiya mai aljihu biyu, abin da aka ninke a kowane gefe ya kusa faɗin tafin hannunsa. An ɗaga kafaɗa, an cire hannun an mayar. Wandunan ma an tsuke ƙugu ta baya, an matsar da aljihu don kada su haɗe. Ko wane ne ya yi aikin, ya san abin da yake yi.

Wani ya shigo karɓar kwat ɗinsa ya yi sallama har sau biyu. Ba-Awo ya miƙa masa kayan, ya rufe shagon da tsakar rana, abin da mai aski ya ce bai taɓa gani ba. Ya sa shuɗiyar rigar a leda ya hau mota zuwa unguwar da Dogo ya zauna.

Bai sha wuyar nema ba. Maƙwabcin ɗakin ya ce ai malam kullum wurin Mai Gyara yake kai kaya, ya nuna masa wani bene kusa da inda motoci ke tsayawa. A ƙarƙashin matakalar benen wata mata ke zaune da keken hannu a kan akwati, ta manyanta, tabarau ɗinta an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Zif take sa wa wata jakar makaranta. Ya ciro rigar ya ajiye mata. Ta kalli rigar, ta kalle shi, ta cire abin da ke cikin wani bokiti ta kife masa ya zauna.

"Kai ne babansa. Allah ya jiƙan malam. Na daɗe ina son in ga mai wannan hannun."

Ta ba shi labarin tana ci gaba da aikinta. Ta ce ranar da ya fara zuwa, cewa ya yi rigar ta ɗan yi masa yawa, a rage, amma kada a sa almakashi, don zai cike ta nan gaba. Daga baya ya daina cewa zai cike ta, amma bai yarda a yanke ba. Yakan kawo ranar Litinin, ya ce lallai kafin Asabar. Yakan tsaya a kanta ya ce ta bi layin babansa sak, kada a ga bambanci ta waje, har takan ce masa in ya fi ta iyawa ga keken nan. Ta taɓa tambayarsa me ya sa ba zai ce wa baban nasa ya auna shi ba, a huta. Ya yi dariya ya ce babansa ba ya awo, ranar da duk ya ce a auna shi, ya gama faɗin komai ke nan.

Ba-Awo ya tambaye ta ko ya taɓa faɗa mata dalilin ɓoyewar. Ta ce ba ta tambaya ba, amma mutum in yana jiran kaya yakan yi surutu. Malam ya ce mata a asibiti shi majinyaci ne, a ɗakinsa majinyaci ne, a wurin ƙanwarsa ma haka. Benci ɗaya ne ya rage masa a duniya inda ake zaginsa a kan bai iya zura allura ba, kuma ba ya son a ƙwace masa shi.

Ta gama zif ɗin ta ciji zaren. Ta ce da jikin ya yi nauyi, ƙanwar ce ke kawo kayan. A kan wannan bokitin take zama, wani lokaci ta yi ta magana, wani lokaci ta kifa kai a gwiwa har a gama. Akwai ranar da ta kawo wata riga mai ruwan ƙasa, ta roƙe ta ta bar ta yadda take, ko ta rage kaɗan yadda za a gane. Ta ce ta yi wa yayanta alkawari ba za ta faɗa da baki ba, amma babansu ido gare shi, in ya ga rigar tana lilo zai gane da kansa.

"Na ce mata ni ba na ɓata aiki. Ta yi ta kuka. To, ni ma uwa ce. Na rage jikin, na bar kafaɗun. Malam bai lura ba, ranar ko tsayuwa da ƙyar yake yi." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ban san yadda aka ƙare ba."

Shi ya sani. Ya tuna rigar, ya tuna Asabar ɗin. Dogo ya shigo, kafaɗun rigar sun zubo masa har kan damtse. Uban ya gani tun daga bakin ƙofa. Ya tashi ya kama yadin ya murza, ya ce wannan yadin banza ne, wanki ɗaya ya saki. Ya fita ya shiga shagon mai yadi ya yi masa tatas a gaban masu ciniki, tun daga ranar suka daina gaisawa. Da ya dawo yana huci, Dogo yana ta dariya a benci. Auta kuwa ta tashi ta kwashe kwanuka ta tafi gida, abincin ma ba a gama ci ba. A lokacin ya ɗauka faɗan ne ya ba ta kunya.

Ya yi wa matar godiya. Ya ce mata aikinta yana da kyau, don gaskiya ne.

Ya tarar da Mama tana shanya. Ya tsaya a gefen igiya ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, har da rigar mai ruwan ƙasa. Ya ce ita ta gani, shi ya rufe mata baki. Ya zaci za ta yi kuka ko ta yi masa abin da ya yi wa Auta. Sai ta matse zanen da ke hannunta ta shanya, ta ce kada ya ɗauke laifin duka ya kai kansa, don ba nasa ba ne shi kaɗai. Ta ce ita ta haifi yaron, ta san ramar aiki ta san wadda ba ta aiki ba. Duk sanda ya ce mata dubi rigar, daɗi take ji, ta samu abin da za ta riƙe ta yi barci. Sannan ta ce gidan Goggo dai bai tashi daga inda yake ba.

Washegari da hantsi ya je. Goggo na zaune a baranda tana tsince shinkafa. Ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi, ko kuwa bakin nasa ne aka sallamo daga gyara. Ba ta jira amsa ba, ta nuna masa ɗaki da haɓa.

Auta na durƙushe a gaban akwati tana jera littattafai. Ta ga shi ne, ta miƙe ta gaishe shi, idonta a ƙasa, irin gaisuwar wanda ya saba ba a amsa masa. Ya amsa. Ta ɗago. Sai a lokacin ya ga ita ma ta faɗa, idanunta sun zurma, ta cinye farcenta har ya kusa jini. Ya rasa inda zai zauna, ya zauna a bakin gado. Ya ce ya je ƙarƙashin benen. Ya ce an ba shi labarin rigar mai ruwan ƙasa.

Ta ajiye littafin da ke hannunta. Da ta fara magana muryarta ba ta rawa.

"Duk Asabar sai na ce yau Baba zai gane. In ka ɗago kai daga keke sai gabana ya faɗi, in ce yanzu ne. Sai ka kalli kafaɗarsa ka gyaɗa kai. Baba, mutumin da ke wucewa a titi kana iya faɗin ƙugunsa."

"Rigar nake kallo," ya ce.

"Na sani."

Ta ce ba ta cewa ta yi daidai. Kullum sai ta auna abin ta ga ta yi laifi, ta sake aunawa ta ga in ta faɗa ma ta ci amanar Yaya, har yanzu ba ta san wanne ne ba, kuma ta gaji. Ta ce ta yi fushi da Yaya da ya ɗora mata, ta yi fushi da shi Baba da bai sauke mata ba, ga wanda za ta yi wa faɗan ya tafi, ga wanda ya rage ya daina yi mata magana. Ya saurara har ta kai aya. Ya ce abin da ya faɗa mata a asibiti bai kamata ya fito daga bakin uba ba, ta yafe masa. Kalmar ta fito masa a karkace, don bai saba da ita ba. Ta ce ta yafe. Ta ce amma aikin ta riga ta karɓa, kuma tana son ta tafi, tana son ta zauna a garin da ba wanda zai dube ta ya tuna.

Ya so ya ce ta zauna. Ya ga ba shi da bakin faɗa. Sai ya tambaye ta wane irin aiki ne. Ta ce ruwan sha za ta riƙa gwadawa a ɗakin bincike, a ga ko akwai abin da zai cutar da mutane kafin a sake shi a famfo. Ya ce ashe abin da ta karanta ke nan. Ta ce shi ne, tun shekarar farko. Ya tambayi yadda ake gane ruwa mai cuta alhali ga shi fari tas, ta fara yi masa bayani, ya rasa gane rabi, ya sake tambaya. Daga baranda Goggo ta ɗaga murya ta ce in an gama karatun a zo a ci abinci, ita ba ta dafa wa mutane su bar mata ba.

Ranar tafiyarta, shi ne ya ɗauki akwatin har cikin tasha, ya yi ta gardama da direba a kan inda za a sa shi. Mama ta yi kukanta. Motar ta tashi.

Yanzu yana nan a shagon. Asabar ta zama kamar sauran ranaku, sai dai mai aski yakan shigo ya zauna a bencin ba tare da wani dalili ba. Ya shirya da mai yadi, ko da yake bai gaya masa abin da ya sa ya zo ba da haƙuri bayan tsawon lokaci ba. Auta takan kira shi a waya. Bai iya hira a waya ba, yakan ɗaga murya kamar tana tsallaken titi, tambayoyinsa kuma ba sa canzawa: ya aiki, ya gari, kina cin abinci. Ita ma amsarta ɗaya ce, lafiya lau.

Wata rana da la'asar ta kira yana tsakiyar yanka wa wani wando, mai wandon na zaune yana jira. Aka yi gaisuwar da aka saba, ta ce lafiya lau. Ya kusa cewa to madalla ya kashe. Sai ya ajiye almakashin.

"Auta, lafiyar gaske, ko ta waya?"

Shiru ya yi tsawo har ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta katse. Can ta ce ba ta barci sosai. Ta ce ko cikinta ya ɗan murɗa sai ta ɗauka ciwon Yaya ne, ta je an duba ta an ce ba komai, ta koma an sake cewa ba komai, amma tsoron bai tafi ba. Ta ce wani lokaci a wurin aiki sai hannunta ya kama rawa, ta shiga banɗaki ta tsaya har ya daina. Ba ta gaya wa kowa ba.

Bai san abin da ake cewa a irin wannan wurin ba. Ba wanda ya taɓa koya masa. Mai wandon ya duba agogo ya yi gyaran murya, Ba-Awo ya yi masa alama da hannu ya dawo gobe. Ya jawo kujera ya zauna, ya rage murya yadda ake magana da wanda ke kusa.

"Ina jinki," ya ce. "Tun yaushe ya fara?"